Eksire bai ga komai a kan Baba ba, me ya sa aka tura mu siti sikan a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Taura. Sati uku da suka wuce mahaifina, mai kimanin shekara 70, ya faɗo daga kan babur a hanyar dawowa daga kasuwar Gujungu, kansa ya bugu. An yi masa eksire na kai a asibitin kusa da mu, aka ce ba karaya. Yanzu ciwon kai ya ƙi barinsa, yana rikita sunayen jikokinsa, yana jan ƙafar hagu. Likita ya ce mu kai shi Kano a yi masa siti sikan. Ashe hoto ba hoto ba ne? Kuma a garinmu ana cewa yawan hoto yana ƙona jini, ga maiɗakina mai ciki wata huɗu an yi mata sikanin sau biyu, hankalin Inna ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin a shiga bayani, ku kai shi, kada ku jira a sayar da amfanin gona. Alamomin da ka lissafa, a jikin dattijon da kansa ya bugu makonni kaɗan baya, suna sa likita ya yi zargin jini ne ya taru tsakanin ƙwaƙwalwa da tantanin da ke lulluɓe da ita. Idan shekaru sun ja ƙwaƙwalwa takan ɗan motse, ƙananan jijiyoyin da suka ratsa daga ita zuwa bangon kai su miƙe, bugu kaɗan ya tsinka ɗaya, jini ya riƙa tsiyaya a hankali har ya fara danne ta. In haka ne, abu ne da ake aikinsa a warke: a huda ƙaramar kafa a ƙoƙon kai a zuƙe jinin. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin wannan aiki. Kafin ku isa, kada a ba shi asfirin ko diklofenak, domin suna hana jini daskarewa da wuri. Idan ya fara amai, ko barci mai nauyin da ba a iya tashinsa, ko jijjiga, ko da tsakar dare ne a kama hanya.

Dalilin da ya sa hoton farko bai ga komai ba yana cikin yadda ake yin sa. Eksire inuwa ce. A cikin kan na'urar akwai kwalbar da aka zuƙe wa iska. A gefe ɗaya akwai siririyar waya ta ƙarfen tangistin da ake zafafawa har ta fara sakin ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. Sai a fizge su da wuta mai ƙarfin bolt 50,000 zuwa 120,000 (ta gida 230 ce), su je su daki wani faifan tangistin a ɗaya gefen. Tsayawar da suke yi farat ɗaya ita ke haifar da hasken. Kusan kashi 99 cikin 100 na ƙarfin zafi yake zama, kashi 1 kawai ke fita a matsayin haske. Shi ya sa aka zaɓi tangistin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400, kuma shi ya sa wani lokaci ma'aikaci yake cewa a dakata na'ura ta huce.

Hasken yana ratsa jiki ya faɗa kan fim ko faranti mai karantawa. Inda ya wuce da yawa wurin ya yi baƙi, inda aka tare shi ya yi fari. Abu uku ke sa a tare shi: kaurin abin da ya ratsa, cunkushewarsa, da nauyin sinadaran da aka gina shi da su. Ƙashi yana da kalsiyam, wanda ya fi sinadaran tsoka nauyi nesa ba kusa ba, don haka yana fitowa fari tas. Bajamushen da ya gano hasken a garin Würzburg a Nuwamba 1895, Wilhelm Röntgen, ya ɗauki hoton hannun matarsa, abin da ya fito shi ne ƙasusuwan yatsu da zobe. Har yau ƙashi da ƙarfe su ne abin da eksire ya fi gani. Gaba ɗaya kala biyar yake bambancewa: iska, kitse, tsoka da ruwa, ƙashi, sai ƙarfe. Ƙwaƙwalwa da jini da ruwan da ke kewaye da ita duk suna cikin kala ta uku, launi ɗaya suke bayarwa. Ga kuma ƙoƙon kai ya kewaye su ta kowane gefe, inuwar ƙashin gaba da ta baya sun hau kan juna sun rufe abin da ke tsakani. Ko jini ya cika rabin kofin shayi a ciki, fim ɗin zai iya fitowa lafiya ƙalau. Wanda ya ce muku ba karaya, wataƙila gaskiya ya faɗa, amma tambayar ƙashi kawai hoton ya amsa. Saboda haka ne ma likitoci da yawa suka daina neman eksire na kai bayan bugu, ni ma ina ganin kuɗin da ake kashewa a kansa ya fi amfani a kuɗin mota zuwa inda ake siti sikan.

Wannan bai rage wa eksire daraja a inda ya dace ba. A ƙirji babu kamarsa a sauƙi da araha, domin huhu cike yake da iska, duk abin da ya maye gurbin iskar, ruwa ne ko mugunya ko tabon tarin fuka, zai fito fari a kan baƙi. Amma sai an yi shi daidai. Ana tsayar da mutum ƙirjinsa a jikin faranti, na'ura a bayansa da tazarar santimita 180, ya ja numfashi ya riƙe. Idan aka ɗauka daga gaba yana kwance, zuciya ta yi nisa da faranti, inuwarta ta ƙara girma, sai a ce wa mai lafiya zuciyarsa ta kumbura. Idan bai ja numfashi sosai ba, ƙasan huhu ya cunkushe ya yi kama da nimoniya. Laya a wuya, maɓallin riga, sarƙa, har jelar kitso da ta sauko kafaɗa, duk suna barin inuwar da za a iya ɗauka ciwo ne. A karaya kuwa dole a ɗauka ta fuska biyu, gaba da gefe, domin ƙashin da ya goce baya yana iya bayyana a miƙe idan ta gaba kawai aka kalle shi. Siririyar tsagewa a wuyan hannu ma takan ɓuya sai bayan kwana 10 zuwa 14.

A karkara akwai ƙarin matsala biyu. Na'urar tana zuƙar wuta mai yawa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, idan janareta ƙarami ne sai wutar ta faɗi a daidai lokacin ɗauka, hasken ya kasa ratsawa, fim ya fito fari-fari. Inda har yanzu ake wanke fim da hannu, ruwan wankin an tsara shi ne a kan zafin digiri 20, a bazarar Jigawa kuwa zafi yana haura 40, sai fim ya yi hazo. Irin wannan hoton gara a sake shi da a ɗora magani a kansa.

Siti sikan, wanda za ka ga an rubuta CT a takardar, hasken eksire ɗin nan ne dai, dabarar ce ta bambanta. Ana kwantar da mutum a gadon da ke shiga cikin wani babban zobe. A cikin zoben kwalbar hasken tana zagaye kai cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ma'aunai a ɗaya gefen suna auna yawan hasken da ya tsira ta ɗaruruwan kusurwoyi. Kwamfuta ta haɗa waɗannan awo ta lissafa nawa kowane ɗigo na cikin kai ya tare, ta zana kan yanka-yanka, kowane yanki kaurinsa milimita 5 ko ƙasa da haka. Ta haka matsalar hawan inuwa kan inuwa ta kau. Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan marar lafiya a Landan a 1971, kuma sunansa ma'aunin yake ɗauke da shi. A ma'aunin ruwa 0 ne, iska 1,000 ƙasa da sifiri, kitse kimanin 100 ƙasa da sifiri, ƙwaƙwalwa 30 zuwa 40, sabon jinin da ya daskare 50 zuwa 70, ƙashi mai ƙarfi 1,000 ko fiye. Dubi tazarar jini da ƙwaƙwalwa, maki 25 ko 30 ne kacal. Fim ba zai taɓa raba su ba. Kwamfuta kuwa ana umartarta ta baje launuka daga baƙi zuwa fari a tsakanin 0 da 80 kawai, nan take jinin ya fito fili.

Akwai abin da ya shafi Baba kai tsaye a nan. Jinin da ya taru ba ya zama a lamba ɗaya. A kwanakin farko fari ne. Yayin da yake narkewa lambarsa tana sauka, tsakanin sati ɗaya zuwa uku yakan zo daidai da launin ƙwaƙwalwa, bayan haka ya koma duhu. A wannan tsakiyar ido marar ƙwarewa yana iya wuce shi, sai dai a gane ta yadda ya ture ƙwaƙwalwa gefe ko ya shafe lanƙwasarta. Don haka ku faɗi ranar da ya faɗi daidai, ku tabbatar an rubuta ta a takardar neman hoto, kuma likitan hoto ne zai karanta ya rubuta rahoto. Ɗaukar kanta ba ta kai minti ɗaya ba. Ba a buƙatar azumi, galibi ba a buƙatar allura. Idan likita ya nemi allurar aidin mai haska jijiyoyi, za a fara duba lafiyar ƙoda, kuma jin ɗumi a jiki lokacin da take shiga ba abin tsoro ba ne. Abin da ke ɓata hoton shi ne motsi da ƙarfe: motsi yana ninka gefen ƙashi, haƙorin Makka kuma yana watsa layuka fari da baƙi a yankunan da ke kusa da shi, don haka a sanar da ma'aikaci ya karkata kan yadda zai kauce masa. Ku nemi a ba ku hoton a faifai ban da fim, domin fim zaɓaɓɓun yankuna kawai yake ɗauka, mai tiyata kuwa yakan so ya ga duka. Ku kuma bincika ta waya ko na'urar wurin da za ku tana aiki a ranar.

Batun ƙona jini yana da tushe, sai dai an kai shi inda bai kai ba. Hasken eksire yana da ƙarfin da zai iya lalata ƙwayar halitta, shi ya sa ake auna shi, da ma'aunin milisibat. Kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Hoton ƙirji bai wuce 0.1 ba, wato abin da jiki ke samu a sati biyu. Siti sikan na kai kusan 2 ne, bai kai na shekara guda ba. Na ciki ya fi yawa, 8 zuwa 10. Ɓargon da ke ƙera jini kuwa ba ya fara raunana sai dukan jiki ya sha kusan 500 a lokaci ɗaya. Kuma hasken ba ya zama a jiki, ana kashe na'ura ya ƙare, babu buƙatar shan madara ko wani abu don a wanke shi. Haɗarin da ke akwai shi ne ɗan ƙarin yiwuwar ciwon daji bayan shekaru masu yawa, ƙarami ne ƙwarai a dattijo, ya fi girma a yara da ɗan tayi. Saboda haka mace mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa kafin a ɗauka, kuma maiɗakinka kada ta zama mai riƙe Baba a ɗakin hoto. Wanda zai riƙe shi ya sa rigar dalma. Nisa ma kariya ce: in ka ninka tazararka sau biyu, abin da ke isa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗakin eksire na gaskiya bangonsa yana da dalma ko kankare mai kauri, kuma yana da lasisin hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya. Shagon da aka raba da falanki, mutane na zaune a bayansa, ku guje shi.

Wataƙila a Kano ku ji an ambaci MRI. Ita ba ta amfani da eksire. Babban maganaɗisu ne, mai ƙarfin tesla 1.5 ya ninka na duniya kusan sau 30,000, yana jera ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki. Sai a buga musu igiyar rediyo mai kaɗawa kusan sau miliyan 64 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da zangon FM, su karkata, a saurari siginar da suke fitarwa yayin komawa. Kowace tsoka da saurin komawarta, shi ya sa ta fi kowace na'ura ganin laka, faifan ƙashin baya da ƙari a ƙwaƙwalwa. Amma tana cin minti 20 zuwa 45 ba motsi, ga ƙara mai tsanani, ga tsada. Ga dattijon da hankalinsa ya rikice kuma ake neman jini da gaggawa, siti sikan ya fi. Idan an kai ga yin ta, ku sani a manyan na'urorin, maganaɗisun ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta. Tukunyar iskar oksijin, wuƙa, makulli, fil ɗin hijabi, duk yana fizgarsu da ƙarfi. Mai walda ko maƙerin da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, da mai harsashi ko batirin zuciya a jiki, dole su faɗa tun a bakin ƙofa.

Sikanin da aka yi wa maiɗakinka kuwa sauti ne zalla, babu haske a cikinsa. Kunnen mutum yana tsayawa a kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kan na'urar da ake gogawa a ciki yana fitar da kusan miliyan 3.5. A cikinsa akwai ƙananan duwatsu da ke girgiza idan wuta ta taɓa su, su kuma haifar da wuta idan sauti ya girgiza su, don haka su ne baki su ne kunne. Aikin kamar mai kira a bakin rijiya ne, jinkirin amsa-kuwwa ke gaya masa zurfinta. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,540 a daƙiƙa a cikin tsoka. Abin da ke zurfin santimita 10, zuwa da dawowa santimita 20 ke nan, amsarsa tana isowa cikin kashi 130 na miliyan ɗin daƙiƙa. Na'urar tana aika dubban kira a daƙiƙa, shi ya sa ake ganin bugun zuciyar ɗan tayi a lokacin da yake yi. Tun 1958 da likita Ian Donald ya wallafa aikinsa a birnin Glasgow ake amfani da ita, kuma ba a tabbatar da wata illa ga jariri ba idan an yi ta yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi sau ɗaya kafin sati 24. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, sau biyu bai yi yawa ba.

Abokan gabar sauti biyu ne, iska da ƙashi. Inda tsoka ta haɗu da iska, fiye da kashi 99 cikin 100 na sautin yana komawa baya. Amfanin man da ake shafawa ke nan, ya kori siririyar iskar da ke tsakanin na'ura da fata. Ƙashi kuma yana mayar da wani kashi ya shanye sauran, shi ya sa ba za a iya duba kan Baba da sikanin ba, alhali ana duba ƙwaƙwalwar jariri ta maɗiga kafin ta rufe. Ruwa kuwa sauti yana ratsa shi ba tangarɗa, ya fito baƙi wuluk. A farkon ciki ana sa mace ta sha kusan lita ɗaya, wato leda biyu ta fiya wata, awa guda kafin a duba, ta riƙe fitsari, domin cikakkiyar mafitsara ta ture hanji mai iska ta buɗe hanya zuwa mahaifa. Mai duba matsarmama kuma azumin awa 6 ake so, saboda tana tsukewa bayan cin abinci har dutsen da ke ciki ya ɓuya. Dutse ana gane shi da baƙar inuwar da yake bari a bayansa. A yankunan fadama da noman rani irin na Haɗeja da Kadawa, inda tsargiya ta yi yawa, sikanin yana nuna kaurin bangon mafitsara da kumburin ƙoda tun kafin mutum ya ji wani ciwo mai tsanani, yaro mai fitsarin jini ya cancanci a duba shi.

Akwai abin da ke damuna a yadda ake sayar da sikanin a garuruwanmu. Ba ya ganin maleriya, ba ya tabbatar da taifod, waɗannan aikin gwajin jini ne. Gyambon ciki ma ba da shi ake gano shi ba, tunda tumbi da iska a ciki, sai an zura siririyar kyamara ta baki. Duk wanda ya goga na'ura minti biyu ya rubuta maka waɗannan, kuɗinka kawai ya karɓa. Kuma hoton sikanin a hannun mai dubawa yake haɗuwa: kusurwar da ya riƙe, inda ya danna, abin da ya tsaya ya auna. 'Yar takardar da ake maƙalawa a rahoto ba ta isa wani likita ya sake karantawa ba, don haka ƙwarewar mai yi ta fi sabuntar na'ura muhimmanci.

Ga maiɗakinka, ku adana rahoton farko da kyau. Kafin sati 14 ana auna tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazaunai, kuskuren lissafin kwanan ciki bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba, domin a lokacin duk 'yan tayi kusan girmansu ɗaya. Bayan sati 28 kuskuren yana kai sati uku, tunda wani ya yi ƙiba wani bai yi ba. Saboda haka ba a canja ranar haihuwa don sikanin na baya ya faɗi wata daban, ta farko ake riƙewa. Dubawa mai muhimmanci ta gaba ita ce tsakanin sati 18 da 22, a ga kai da ƙashin baya da zuciya da ƙoda, a tabbatar ɗaya ne ko tagwaye, a ga inda mabiyiya ta kwanta. Idan aka ce ta yi ƙasa kada ku firgita, yawanci tana matsawa sama yayin da mahaifa ke girma, amma a sake dubawa wajen sati 32. In har lokacin tana rufe da bakin mahaifa, haihuwar ta asibiti ce mai ɗakin tiyata da ajiyar jini, kuma duk ɗigon jinin da ta gani kafin nan a tafi da ita a ranar.